Kujerun Ajin Sama

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da kekunan ɗinkin jama'a da suke layi suna jiran hannunka. Yaya gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai aiki.

Na san za ka ce tun wancan watan kake zuba ido. Laifinka ne. Da ƙarar injinan masaƙa ba ta tafi da kunnenka ba, da babban yatsanka bai fi ƙarfin rubuta saƙo a waya ba, da kullum kana samun labarinmu. Duk duniya kai kaɗai ne kake sa ni neman ambulan ɗin wasiƙa.

Maganar 'yarka Kurciya ce. Ka tuna aikin da ta nema a ɗakin karɓar kiran gaggawa, inda masu neman motar asibiti suke bugowa. Garin nan kowa da yarensa, don haka yawancin kiran da Turanci ake yi, kuma da shi ake gwada masu neman aikin. Jarrabawar rubutu ta wuce ta kamar shan ruwa. Ba yabon kaina nake ba, amma ka san hannun da ya raine ta. Tun ranar da ka kawo min ita bayan rasuwar mahaifiyarta, da 'yar jakarta da giɓinta, babu safiyar da ban sa mata kalmar Turanci a baki ba kafin in sa mata karin kumallo.

A gwajin baki ne aka samu matsala. Sun zaunar da ita a wani ɗan ɗaki, suka sa mata abin sauraro a kunne, wata mata ta bugo tana kuka wai mijinta ya faɗi. Kurciya ta gaishe ta, ta kwantar mata da hankali da Turanci mai tsabta, irin wanda ko ni sai in tsaya in saurara. Da aka gama, mai gwajin ya ce, to, wane titi za a tura motar? Ta ce matar ba ta faɗa ba. Suka sake kunna mata kiran, ashe matar ta faɗa, har ta maimaita.

Sun dai ba ta dama ta biyu a ƙarshen watan gobe, saboda makinta na rubutu. Idan ta sake faɗuwa, sai wani ɗaukan kuma, wanda babu wanda ya san ranarsa. Kada ka damu. Tsoro ne kawai, kuma maganin tsoro shiri. Na tsara mata amsoshin duk abin da mai kira zai iya faɗa, zazzaɓi, ƙuna, haihuwa, hatsarin mota, tana haddacewa da safe, ina yi mata tambayoyi bayan na taso daga aji.

Tunda na ambaci aji, bari in ba ka labarin abin da nake fama da shi a makarantar manya. Ka tuna yarinyar nan ɗalibata, doguwa mai tabarau, wadda ta zo min ko sunanta ba ta iya faɗa da Turanci ba tare da ta sunkuyar da kai ba? Ni na buɗe mata baki, ni na rubuta mata takardar shaida ta tafi karatu. To ta dawo, an ba ta ajin da ke samana daidai. Ta Sama nake ce mata a raina.

Ban san me take koyarwa ba. Abin da na sani, da an shiga aji sai ka ji ƙiiii a kan rufina, ana jan kujeru kamar masu tashi daga gidan haya. Daga nan sai shiru, shiru mai tsawo, har in yi zaton sun tafi. Can sai dariya ta ɓarke. An ce min ita kanta da ƙyar take buɗe baki. Malamar harshe da ba ta magana, ka taɓa jin irin wannan?

Wata ɗalibata mai kantin magani ta koma ajinta. Direban tasin nan da nake ba ka labari, wanda na sha wahalarsa har ya iya karanta allon hanya, shi ma ya hau sama, wai lokacin can ya fi masa daidai, alhali lokacinmu ɗaya ne. Shugaban makaranta kuwa ba ya gama zance bai sako ta ba. Ni ko a jikina. Ina gaya maka ne kawai don ka san halin mutane.

Ka riƙa shafa man nan da na aiko. Kurciya tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Malama


Zuwa ga Rediyo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso lafiya, na gode. Na ga kin sa hannu da Malama. Malama a wajen ɗalibanki. A wajena ke ce Rediyon da Inna take cewa a rage mata murya in za a yi salla.

Na auna wasiƙar da tafin hannu. Kurciya ta samu tafi ɗaya, Ta Sama ta samu ɗaya da rabi, gwiwata ta samu rabin layi. Wannan kuma matar da kika ce ko a jikinki. Ina tausayin wadda za ki ce ta dame ki.

Batun jarrabawa, Allah ya ba da sa'a. Ni ba malami ba ne, kin fi ni sanin abin da ya kamata. Abu ɗaya dai ban gane ba. Kin ce Turancinta ya burge kowa, sunan titi ne ya wuce ta. Kuma kin ce maganin da kike ba ta shi ne ƙarin Turanci. Wataƙila akwai hikimar da ban hango ba.

Shago yana tafiya. An kawo min wani tsohon keke mai ƙafa, mai shi ta rantse yana wani irin ƙara. Na ce mata Hajiya, ni duk kekunan duniya shiru suke a wajena, sai dai in ɗora hannu in ji inda yake rawa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na ga dariyar dai.

Ina da wata tambaya, kuma ba wasa nake ba. Yaya muryar Kurciya take yanzu? Wadda nake da ita a kaina ta yarinya ce mai giɓi, da take tambayata yaushe zan dawo. Kunnen ya rufe kafin ta girma. In na zo wajenku ina ganin bakinta yana motsi, ina karanta abin da zan iya, amma sautin da nake ɗora masa na waccan yarinyar ne. Ke kina jin ta safe da yamma, har da Turanci, wanda ni ko kalma ɗaya ban taɓa ji daga bakinta ba. Ki ɗan kwatanta min. Siririya ce ko mai kauri? Da sauri take magana kamar wata da na sani, ko a hankali?

Ki gaishe ta. Ki gaishe da Ta Sama in gaisuwa tana haɗa ku.

Yayanki


Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Ni dai ba zan ce lafiya ba.

Ranar Talata ina tsaka da yi wa 'yan ajina shifta, aka fara jan kujerun nan, har ƙura tana zubowa a kan allo. Na ajiye littafi na ce yau sai na ga abin da ake yi. Na hau benen, na tura ƙofa ba tare da na ƙwanƙwasa ba.

An jera kujeru biyu-biyu, baya da baya, kowa ya juya wa abokinsa ƙeya kamar masu gaba. Ɗaya yana magana, ɗayan ba shi da izinin cewa komai sai mai maganar ya kai aya. Daga nan sai ya mayar masa da abin da ya ji, da nasa kalmomin, mai maganar ya ce haka ne, ko ya ce da saura. In da saura, a sake. Wannan ne duk karatun. Ita kuma tana can lungu a kan wata 'yar kujera, hannu a haɓa, kamar wadda ta zo rakiya.

A kusa da taga na ga direban tasi. Yana kwatanta hanyar gidansa da wannan gurgun Turancin nasa, yana yi yana tuntuɓe. Wadda ta jingina da bayan kujerarsa ta rufe ido, ta haɗa hannuwa a cinya. Na gane mayafin kafin in gane fuskar, don ni na saya.

Kurciya ce, Yaya. Wadda take ce min tana zuwa ɗakin karatu na unguwa kullum da yamma.

Ina tsaye direban ya maƙale, yana neman sunan shataletale da Turanci. Yana ta juya yatsa a iska, gumi yana keto masa, duk ajin babu wanda ya taimake shi, har malamar. Ni ba zan iya ganin ɗalibi yana nutsewa in naɗe hannu ba. Na jefa masa kalmar daga bakin ƙofa. Kowa ya juyo. Ta Sama ta miƙe da sauri, ta rusuna, ta ce, “Malama, sannu da zuwa. Ga kujera.” Ladabi kamar gaske. Na ce mata kujerunta ne suka kawo ni, suna zubo min da ƙura. Ban kalli Kurciya ba, na sauko.

A gida na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun bayan gwajin. Na ce me na rage ki da shi? Ta ce, “Gwaggo, ai ba wai...” Na san abin da za ta faɗa, na ce ba wai me, ba wai ban iya ba, tsufa dai na yi ko? Ta ce, “A'a, abin da nake nufi...” Na ce abin da kike nufi a fili yake, in can ne gidanku ki kwashe littattafanki ki kai. Can ta ce ba za ta sake zuwa ba. Na ce ban hana ki ba. Ta ce ta sani.

Ka san abin da ya fi ci min rai? Ba ƙaryar ɗakin karatun ba ce. Kwanan nan in ina mata tambayoyi da Turanci, sai ta ce, bari in ga ko na fahimce ki daidai, sannan ta maimaita abin da na faɗa. Na yi ta jin daɗi, ina zaton a wani littafina ta tsinto. Ashe maganar wata ce a bakin 'yata, a kan teburina, da shayina a gabanta. Kuma dariyar nan da nake ji daga rufi kullum, wadda take hana ni koyarwa, ashe har da tata a ciki. Ban tuna ranar da ta yi irinta a darasina ba.

Yanzu dai mun koma kan shirinmu. Ta haddace amsoshin haihuwa da na ƙuna, ba ta kuskuren ko harafi. Ba ta da walwala, amma zai wuce.

Ka ce wa mai keken nan ta sa masa mai. Ka ci gaba da shafa naka.

Ƙanwarka


Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan jiki da sauƙi. Don Allah kada ka gaya wa Gwaggo na rubuto.

Na san ta ba ka labari. Ina so ka ji nawa, don a nan ban samu na ƙarasa shi ba.

Ranar gwajin ba tsoro ne ya kama ni ba. Da matar ta fara magana, na ji kalmar miji, na ji kalmar faɗuwa, sai kaina ya tafi neman amsar da ta dace. Ina ta jera ta, ina gyara ta, don ta fito da kyau. Kafin in dawo, matar ta wuce titin. Haka na saba. In Gwaggo tana min Turanci, aikina shi ne in shirya amsa kafin ta rufe baki. In na tsaya neman kalma kuwa, ta riga ta miƙo min, da wata a kai kyauta. Baba, ina jin ban taɓa ƙarasa doguwar jimlar Turanci da kaina a gidan nan ba. Ba don mugunta take yi ba. Ba ta iya ganin mutum yana wahala.

Gaskiya ba don neman ilimi kaɗai na hau benen nan ba. Tun ina ƙarama Gwaggo take min gori da wannan malamar. In na yi kuskure, ta ce ɗalibata mai tabarau sau ɗaya ake gaya mata. In na ci jarrabawa, ta ce ɗalibata mai tabarau ta fi haka ci. Na girma ina jin haushin matar da ban taɓa yi wa magana ba. Na hau ne in ga me take da shi da ba ni da shi.

Na tarar da mace mai sanyi. Ta tambaye ni abin da ya faru, ta bar ni na faɗa har ƙarshe, har na ji kunya don ban saba kaiwa ƙarshe ba. Ta ce ita ma haka ta yi da ta fara aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal, baki cike da Turancin Malama, baƙo yana tambayar tawul tana yi masa bayanin lokacin cin abinci. Ta ce duk kalmar da ke bakinta ta Gwaggo ce, kuma har yanzu in Gwaggo ta wuce ta a baranda sai ta duba ko rigarta ta zauna daidai.

Abin da ta koya min ba shi da yawa. In mutum yana magana, in bar amsata ta jira, ba za ta gudu ba. In nemi abu uku kawai, wane ne, a ina, me ya same shi. In riƙa ɗan motsa murya don ya san ina nan. In ya tsaya, in mayar masa da abin da na ji don ya gyara min. In ban gane ba, in ce ban gane ba, a sake a hankali. Wannan na ƙarshen ya fi min wuya, don Gwaggo ta ce mai ilimi ba ya nuna an bar shi a baya. Juya bayan kuwa don a waya babu fuska, babu hannu, kunne ne kaɗai.

Na fara iyawa, Baba. Direban nan ya kwatanta min gidansa, na mayar masa tun daga gidan mai har ƙofarsa, ya ce ko matarsa ba ta taɓa saurarensa haka ba.

Yanzu na daina zuwa. Na yi alkawari, kuma ba zan iya ganin fuskar Gwaggo yadda na gan ta a bakin ƙofar nan ba. Amma da na koma hadda, na ji tsohon halin yana dawowa. Jiya tana min tambaya na tsinci kaina ina jera amsa. Gwajin ya matso. In na faɗi, na san za ta ce laifin ajin sama ne da ya raba min hankali.

Ta bar wasiƙarka a kan tebur, na ga tambayar da ka yi. Na so in ba ka amsa, amma mutum ba ya jin muryarsa yadda wasu suke ji. Ka yi haƙuri.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Kurciya


Ƙanwata,

Salamu alaikum. Yau ba zan ce miki Rediyo ba.

Babu wanda ya rubuto min komai, kuma in an rubuto ban gani ba, kin san idon ma ya fara bin kunnen.

Tambaya ɗaya na yi miki a wasiƙar da ta wuce. Kin ba ni amsar keken Hajiya, kin ba ni amsar gwiwa.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa ba. Zuwana na farko bayan na kawo miki ita, na shigo da 'yar tsana a hannu, ta kalle ni ta ruga ta ɓuya a bayan zanenki. Kika yi dariya, kika ce ta saba da ke ne. Na yi dariya ni ma. A mota kuwa har na isa gida ina jin haushinki. Duk lokacin da kika rubuto kin ce 'yata ta yi kaza, 'yata ta ce kaza, sai na ajiye takardar na ɗan zaga shago kafin in ci gaba. Ban taɓa cewa ki dawo min da ita ba, don na san abin da take samu a wajenki ba ni da shi.

Ke bene ɗaya ne tsakaninki da wadda kike kishi. Kuna rigima a kan wa ya koya mata magana, wa ya koya mata ji, ni kuwa da za a ba ni minti ɗaya na abin da kuke rigima a kansa, da na ba da shagon nan da abin da ke ciki.

Ban ce ki so Ta Sama ba. Ki ƙi ta iya ƙinki, ni ma zan taya ki daga nan. Amma yarinyar nan tana son aikin nan, kuma ƙarshen wata ba zai jira ki huce ba.

Tambayata tana nan.

Yayanki


Yayana,

Wa alaikas salam. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ba zan ce komai a kanta ba yanzu.

Ranar da ta iso, bayan an tashi, ina goge allo aka ƙwanƙwasa. Ta Sama ce. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar zamanin da take zuwa a makare. Ta ce tana da wata buƙata. Wai ɗalibanta sun saba da juna, kowa yana magana a hankali, tana neman wanda zai zo ya zama mai kira mai wahala, mai zuba Turanci ba tsayawa, ba tausayi. Ta ce, “Malama, duk ginin nan babu mai Turancin da zai iya rikita mutum sai ke.”

Na san daɗin baki in na ji shi, ni na koya mata rubuta wasiƙar neman alfarma. Amma na ce zan zo, da sharaɗin Kurciya ce za ta karɓi kiran. Ba zan ɓoye maka ba, so nake ta rikice a gaban malamar tata, kowa ya ga jan kujera ba karatu ba ne, mu sauko tare.

Washegari na zo da Kurciya muka hau tare, aka juya mana kujeru. Na zauna, na ji kafaɗunta a bayan nawa. Na fara.

Na zama matar da maƙwabcinta tsoho ya faɗi a matakala. Na haɗa da zagin mai gidan haya da bai gyara fitila ba, da labarin 'ya'yan tsohon da ba sa zuwa duba shi, da ciwon bayana. Na cusa sunan titin a tsakiyar zagin, inda ba za a zata ba. Na ce gidan yana kusa da makaranta, can gaba na ce bayan gidan mai. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi sauri irin wanda ban taɓa yi wa ɗalibi ba.

Ba ta katse ni ba. Sai dai can ƙasa-ƙasa ina jin, ina jinki, ci gaba. Da na tsaya jan numfashi, ta sako tambaya ɗaya gajera: yana numfashi? Na ce ban sani ba, na ci gaba da zagin mai gida. Ta ce in matsa kusa da shi in duba ƙirjinsa, tana jira. Yaya, saura kaɗan in sunkuya in duba.

Sai na jefa mata wata babbar kalma ta likitoci, wadda na tabbata ba ta cikin haddarmu. Na jira ta yi abin da na koya mata, ta wuce kamar ta gane. Ta ce, “Ban san wannan kalmar ba. Ki faɗa min da wata.” A gaban mutane, ba ko kunya. Na faɗa mata da wata.

Daga nan ta ce, bari in ga ko na fahimce ki daidai. Ta mayar min da tsohon, da matakalar, da titin da na ɓoye. Ta bar mai gidan haya da ciwon bayana a inda ta same su. Ta ce da farko kin ce kusa da makaranta, daga baya kin ce bayan gidan mai, wanne direbanmu zai nema?

Ta Sama ta ce daga lungunta, “Malama, haka ne, ko da saura?”

Na laluba ko'ina ina neman saura. Na ce haka ne. Ya fito kamar ina haɗiye maganin zazzaɓi ba ruwa.

Aka yi tafi. Direban tasi ya ce, “Malama, Allah ya raba mu da ranar da za ki kira mu da gaske.” Kurciya ta ɗan kwanto da kanta baya, ta ce da Hausa yadda ni kaɗai zan ji, “Gwaggo, bayanki yana rawa.” Na ce kujerar ce, duk sun kwance ƙafafunta da ja.

Da Kurciya ta miƙe, malamar tata ta fara kalla kafin ta kalle ni. Na gani. Ba zan ce ban gani ba, kuma ba zan ce bai yi min ciwo ba.

Na ce mata ta ci gaba da hawa har ranar gwajin. Ni ma ina hawa bayan na sallami nawa da ɗan wuri, tunda ba su da mai kira. Jiya na zama mai naƙuda, mai kantin magani ta kusa kuka. Har yanzu ina ganin malamar harshe ya kamata ta riƙa magana fiye da haka, kuma na gaya wa shugaba a sa wa kujerun nan roba a ƙafa.

Tambayarka na gan ta tun farko. Na ɗauki biro a lokacin, na tarar na san duk kalmar da Kurciya take tuntuɓe a kai, na san inda take cin harafi, amma muryar kanta ban san me zan rubuta ba. Shi ya sa na koma kan keken Hajiya. Ka ƙara min kwanaki kaɗan. Yanzu kullum tana bayana, ba na ganin bakinta balle in gyara shi.

Ƙanwarka


Yaya,

Sallama. An ɗauke ta. Za ta fara horo ranar Litinin.

Da ta fito daga wajen gwajin, makarantarmu ta wuto, kuma ƙofata ta fara ƙwanƙwasawa. Na sani, ajina a ƙasa yake, duk mai hawa sama sai ya bi ta gabansa. Kada ka rubuto ka tuna min.

Ga amsarka. Ba siririya ba ce. Tana da ɗan kauri, da 'yar dishewa a farkon magana wadda take washewa in ta yi nisa. In mutum yana sauri, ita sai ta ƙara saukar da ita. A ƙarshen tambaya tana ɗan ɗaga ta kaɗan, kamar mai miƙa maka kofi. Na yi kwanaki ina cewa na san muryar nan a wani wuri. Shekaranjiya ta kira ni daga kicin, na amsa da sunan da ba nata ba.

Muryar mahaifiyarta ce, Yaya, sak. Ba ni na ba ta ba, ba Ta Sama ba. Ka fi mu saninta duka.

Ka huta lafiya. Ka shafa man.

Rediyo